Dashen Haƙori: Tun Daga Hoton Ƙashi Har Ranar Da Za Ka Sake Cin Tsire

Yayana ya rasa haƙoransa biyu na gaba a hatsarin babur, a kan hanyar Kumo. Shekara uku ya yi yana dariya da hannu a baki, mutumin da a da in ya tuntsire da dariya a shagonsa sai an jiyo shi a layi na gaba. An yi masa na roba, irin wanda ake cirewa da dare a jefa cikin kofi. Ranar da ya suɓuce masa ya faɗa kwanon miya a walimar wani abokinsa, ya dawo gida ya ce mini, "Kai, nemo mini inda ake dasa na dindindin ɗin nan, ko nawa ne." Ni na zama ɗan rakiya tun daga ranar farko har ranar da aka ɗaura masa sababbin haƙora, wata tara cur. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ranar aikin da muke ta fargaba ita ce mafi sauƙi a duk tafiyar. Wahalar tana gabanta da bayanta, kuma mafi yawanta a hannun mai haƙorin take.

Abin da ake dasawa

Mutanenmu in sun ji dashen haƙori sai hankalinsu ya tafi kan haƙorin Makka. Haƙorin Makka riga ce ta zinare ko azurfa da ake sa wa haƙorin da ke nan daram. Dashe kuwa saiwa ake sakewa. Likita zai huda ƙashin muƙamuƙi ya murɗa wata 'yar ƙusa mai kama da sukurun kafinta, wadda aka ƙera da ƙarfen titaniyam. Kaurinta yawanci milimita 3 zuwa 5 ne, tsawonta kuma 8 zuwa 13 ko kusa da haka. A kanta ake ɗaura wani ɗan wuya da ke leƙowa ta dasashi, a kan wuyan kuma a kifa haƙorin da ido ke gani, wanda likitoci ke ce wa kirawun, mu kuma bari mu kira shi hula. Ƙusa, wuya, hula. Riƙe waɗannan ukun, za su dawo in an zo maganar kuɗi.

Sirrin yana wajen ƙarfen. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin gudanar jini a cikin ƙashi, sai ya sa wani ɗan bututun titaniyam a ƙafar zomo. Da ya zo cirewa ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, kuma mutumin ya yi shekara kusan 40 da dashensa a baki har ya bar duniya. Wannan kamawar da ƙashi ke yi ita ce aikin gaba ɗaya, kuma ba ta san gaggawa ba: wajen wata 3 a muƙamuƙin ƙasa, wata 4 zuwa 6 a na sama, domin ƙashin sama ya fi laushi. Idan an yi aikin yadda ya dace aka kuma kula da shi, fiye da tara cikin goma suna kaiwa shekara goma lafiya lau.

Titaniyam ba ya tsatsa a jiki, kuma ba ya hana a ɗauki hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu. Mai tambayar halacci kuma, malamai sukan kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Mayar da gaɓar da ta salwanta magani ne.

Mataki na farko: tun ranar da haƙorin ya fita

In haƙorin babba ya fice ɗungurungum a hatsari ko faɗuwa, kafin a yi zancen dashe a nemo haƙorin. A riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan, a jefa cikin madara, a garzaya wurin likitan haƙori cikin sa'a guda. Sau da yawa ana mayar da shi ya kama. Na yayana a kan kwalta muka bar su, babu wanda ya san da wannan a cikinmu. Haƙorin nono na yara shi ne ba a mayarwa.

In kuwa ya riga ya tafi, ko an cire shi saboda kogo, to ka sani giɓi ba ya zama yadda ka bar shi. Ƙashin da ke riƙe da saiwa yana tsotsewa da zarar saiwar ta bar shi. Faɗinsa kan ragu har kusan rabi a shekara guda, kuma mafi yawan raguwar a watannin farko take. Haƙoran gefe sukan karkato cikin giɓin, na sama ya zazzago neman abokin taunarsa. Shi ya sa wanda ya je da wuri aikinsa ya fi sauƙi da araha. Idan ma za a cire maka haƙori kuma kana da niyyar dashe, faɗa wa likita tun kafin ya cire, don ya lallaɓa ƙashin.

Ba kowane giɓi ne sai da dashe ba. Akwai na roba, akwai kuma wanda ake kira gada, inda ake fiƙe haƙora biyu na gefe a rataya sabon a tsakaninsu. Gada ta fi sauri, amma an taɓa lafiyayyun haƙora biyu ke nan. A ganina, in kuɗin dashe zai sa ka sayar da gona, na roba mai kyau ya fi maka.

Mataki na biyu: wa zai yi maka

Fara da sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan titin Ashaka a Gombe, wanda har yanzu wasu ke kira FMC, ko na Asibitin Ƙwararru na jiha. A nan za a duba bakin gaba ɗaya a gaya maka ko kai mai dashe ne, kuma daga bakin likitocin wurin za ka ji wanda ke yin aikin da gaske. Idan tafiya ta kama, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, akwai na Jami'ar Jos, da na Malam Aminu Kano, da na Maiduguri, ban da asibitocin kuɗi na Kano da Abuja. Duk inda ka je, wanda zai huda maka ƙashi dole ya zama likitan haƙori mai rajista da hukumar MDCN, wadda ke ba likitoci lasisi a Najeriya. Ma'aikacin da ke wankin haƙori da mai ƙera na roba kowa da aikinsa, amma wannan ba nasu ba ne.

Kada kunya ta hana ka tambaya. "Ranka ya daɗe, guda nawa ka dasa? Zan iya ganin hoton aikin da ya shekara biyu ko uku? Wane kamfani ne ya ƙera ƙusar? In ba ta kama ba, wa zai ɗauki nauyin sakewa?" Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ɓata rai ya ba ka amsa ke nan.

Tambayar kamfani tana da dalili. Akwai Straumann na Suwizalan, akwai Nobel Biocare, akwai Osstem da Dentium na Koriya ta Kudu, da wasu da yawa, kuma kowanne da irin wuyansa da sukundirebansa. Kamar kayan gyaran mota ne: na wannan ba ya shiga wancan. In sukuru ya kwance bayan shekara biyar kuma babu wanda ya san irin ƙusar da ke bakinka, ka shiga uku. Don haka ka karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfanin, girman ƙusar da lambarta.

A nan ne nake jan kunnen masu zuwa Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai. Akwai ƙwararru a can, babu musu. Amma aikin zuwa biyu ne aƙalla, da watanni a tsakani, kuma in dasashi ya kumbura a mako na uku kana Tumfure a Gombe, likitanka yana Alƙahira. Kafin ka yanki tikiti, samo likita a gida da ya yarda zai riƙa duba ka. Na fi son likitan da motar Gombe Line za ta kai ni wurinsa in dawo a rana ɗaya ko biyu.

Mataki na uku: bincike

Za a ɗauki hoton ƙashi. Akwai na baki gaba ɗaya da ake kira OPG, akwai kuma CBCT mai nuna kauri da zurfin ƙashi ta kowace fuska. Na biyun ba ko'ina ake samunsa ba, yana iya sa ka tafiya, amma ya cancanci kuɗin mota. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, in ƙusa ta taɓa ta leɓen na iya mutuwa na watanni, wani lokaci har abada. A sama ta baya kuma akwai kogon iska a cikin ƙashin kumatu, gefen hanci. Hoto ne ke nuna wa likita inda zai tsaya. Wanda ya ce zai dasa maka ba tare da hoto ba, ɗauki hularka ka fita.

Sai lafiyar jiki, kuma nan ba wurin ɓoye-ɓoye ba ne. Mai ciwon suga ana yi masa dashe, amma sai sugan ya daidaita, kuma gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi ne ke faɗin gaskiya. A nan aka gano yayana yana da suga bai sani ba, muka yi wata biyu ana saita shi kafin a taɓa shi. Mai hawan jini ya zo da magungunansa. Mai shan maganin tsinka jini, irin su wafarin ko asfirin, ya faɗa, kuma kada ya dakatar da shi da kansa. Mai sikila ya faɗa. Wanda aka taɓa gasa wa kai ko wuya da na'ura saboda ciwon daji, da mai shan maganin ƙarfafa ƙashi irin alendironet ko mai karɓar allurarsa, su ne suka fi kowa bukatar faɗa, don ƙashinsu na iya ƙin warkewa. Mai juna biyu ta bari sai ta sauka. Yaro kuma sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wato shekara 18 ko sama da haka, domin ƙusa ba ta bin girman ƙashi kamar haƙorin Allah.

Taba ita ce babbar abokiyar gabar dashe. Sigari da shisha suna takura hanyoyin jinin da ke ciyar da rauni, kuma dashen mashaya ya fi na kowa lalacewa. A daina tun makonni kafin aiki, a ci gaba da ƙaurace mata har ƙashi ya kama.

Abu na ƙarshe, sai an gyara sauran bakin. In dasashi na jini in ka yi asuwaki, ko haƙora na girgiɗi, ciwon dasashi ne, kuma ƙwayoyin cutar da suka ci ƙashin haƙoranka za su ci na dashen. Wankin haƙori da cike kogo su ne gaba.

In ƙashin bai isa ba

Shekara ukun da yayana ya yi da giɓi ta bar masa ƙashi siriri kamar bakin wuƙa, sai da aka yi masa ƙari. Ana zuba garin ƙashi a wurin, a lulluɓe da wata 'yar fata siririya, jiki ya gina sabon ƙashi a kai. In ƙarin kaɗan ne ana yi rana ɗaya da dashen. In mai yawa ne sai a fara yin sa, a jira wata 4 zuwa 6 ko fiye. A sama ta baya kuma wani lokaci sai an ɗaga ƙasan kogon iskar nan an cusa ƙashi.

Ga abin da ba kowa zai gaya maka ba sai ka tambaya. Garin ƙashin yana iya zama na jikinka, ko na saniya, ko na ɗan Adam da aka sarrafa, ko haɗin masana'anta. Fatar lulluɓin kuwa, da yawa daga cikin waɗanda suka fi yawo a kasuwa daga alade ake samo su. Akwai na saniya, akwai na roba. Tambayi likita tun da wuri don ya yi odar wanda hankalinka ya kwanta da shi.

Kuɗi da zaɓen lokaci

Kayan duk daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi, kuma tsarin inshorar lafiya na tarayya bai saba ɗaukar nauyin dashe ba. Ka nemi lissafi a rubuce: hoto, ƙarin ƙashi, ƙusa, wuya, hula, haƙorin wucin gadi, da kuɗin dawowa dubiya. Wasu kuɗin ƙusa kaɗai suke faɗa, sai an kai wata huɗu ka ji ashe hula da nata kuɗin. Ka haɗa da kuɗin mota da masauki. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar ƙwarewa ba ce. Mai giɓi da yawa ya sani ba kowane haƙori ne sai da ƙusarsa ba: ƙusa biyu na ɗaukar haƙora uku, kuma ƙusa biyu a ƙasa na riƙe haƙoran roba na tsohon da ba shi da ko ɗaya, su daina rawa.

Kada ka sa ranar aiki a cikin azumi, don akwai magungunan da ake sha safe da rana da dare. Kada ka sa ta dab da tafiya Hajji ko Umara, ko ana saura mako biki. Manomi ya kauce wa lokacin huɗa da girbi.

Ranar aiki

Ci abincinka, sha magungunanka na kullum sai wanda likita ya hana, goge baki sosai, ka tafi da ɗan rakiya. Kada ka tuƙa babur da kanka. Yawanci ba a sa mutum barci, allurar kashe wuri ake yi, irin ta cire haƙori. Likita zai tsaga dasashi, ya huda ƙashi da ƙaramin abin huji, ya bi da wanda ya fi shi kauri, a hankali, ruwan gishiri mai sanyi na zuba a kai. Ruwan ba na ado ba ne: ƙashi in zafinsa ya kai digiri 47 na minti ɗaya ya fara mutuwa, kuma mataccen ƙashi ba ya kama ƙusa. Daga nan a murɗa ƙusar, a rufe, a ɗinke. Za ka ji dannawa da girgiza da ƙara, amma bai kamata ka ji zafi ba. In ka ji, ɗaga hannu a ƙara allura. Ƙusa ɗaya sa'a guda ce ko ƙasa da haka. Da yayana ya fito, ta bayan audugar da ke bakinsa ya ce, "Wai shi ke nan?"

Kwanakin farko a gida

Za a sa maka auduga ka cije. Riƙe ta minti 30 zuwa sa'a guda ba tare da surutu ko leƙawa ba. Yawu mai ja-ja a ranar farko ba komai ba ne. In jini na zuba sosai, naɗe sabuwar auduga mai tsabta ka sake cijewa rabin sa'a kana zaune. Gudan jinin da ya daskare a kan raunin shi ne murfinsa, don haka a sa'o'i 24 na farko ba kurkure baki da ƙarfi, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar lemo da 'yar robar nan, ba taɓawa da harshe ko yatsa.

Kumburi zai zo, kuma a rana ta biyu zuwa ta uku yake kai maƙura kafin ya fara saɓewa. Mu mun saba duk abin da ya kumbura a gasa shi da ruwan zafi, kuma Hajiyarmu har ta ɗora tukunya kafin na tare ta. A kwana biyun farko sanyi ake so. Sayi fiya wata mai ƙanƙara, naɗe a tawul, ɗora a kumatu minti 15 zuwa 20, ka sauke na kamar haka, ka sake. Kwanta da matashi biyu. Ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba ƙwallo, ba yini a rana, na kwana uku aƙalla.

Alwala fa? A mazhabar Malikiyya da muke bi, kurkurar baki da shaƙa ruwa da fyacewa sunnoni ne, ba farillai ba. A ranar farko ka sa ruwa a baki a hankali ka sunkuya ya zubo da kansa. Wanda aka ɗaga wa kogon iska shi ne zai fi kiyayewa: mako biyu ba fyace hanci, ba shaƙa ruwa da ƙarfi, in atishawa ta zo ya buɗe baki. In sujada na sa wurin bugawa ko jini ya tsinke, addini ya yi sauƙi ga marar lafiya, tambayi malaminka yadda za ka yi a zaune na kwana ɗaya ko biyu.

Abinci ya zama mai laushi, kuma ba mai zafi ba. Kada ka ci komai sai allurar ta sake ka, don mutane kan tauna leɓensu ba su sani ba. Kindirmo, kunun gyaɗa ko koko da ya huce, fura da aka dama ta yi sumul ba gudaji, ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai, alale, faten dankali. Bayan kwana biyu ko uku sai tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, ba yaji, da kifi da aka cire wa ƙaya. Ka tauna ta ɗaya gefen. Mai suga ya lura, kada ya fake da jinya ya yini kan kunu mai sukari, ƙwai da alale da nono sun fi masa. Goro, aya, ƙuli-ƙuli, rake, gasasshiyar masara, kilishi da tsire, duk a yi musu sallama tukuna. Goron ne ya fi ba yayana wuya, har ya ce da ya san da wannan sharaɗin da ya sake shawara.

Daga rana ta biyu, zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, ka riƙe a baki ka juya a hankali, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. In an rubuta maka ruwan kurkurar baki na kulohezidin, mako ɗaya zuwa biyu ake yi da shi, in ya wuce haka yana rina haƙora. Sauran haƙoran a ci gaba da goge su da buroshi mai laushi, a kauce wa ɗinkin. Asuwaki ya tsaya nesa da wurin har sai an cire zare. Kada a sa kanumfari, kanwa, man zafi ko wani garin magani a kan raunin, kowa ya kawo shi kuwa.

Zafin yawanci farasitamol da ibufurofen sun ishe shi. Babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a rana, kuma mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini kada ya sha ibufurofen sai da izinin likita. In an ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta, sha yadda aka rubuta, kuma in fenisilin ta taɓa yi maka borin jini ka faɗa tun kafin a rubuta. Ana cire zare bayan kwana 7 zuwa 14.

Karɓi lambar likita kafin ka bar asibiti, ka kira shi in jini ya ƙi tsayawa bayan cije auduga sau biyu, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana uku, ko zazzaɓi ya zo, ko ka ga mugunya, ko zafi ya dawo bayan ya lafa. In gari ya waye leɓe ko haɓa na nan a mace, kira a ranar, domin jijiya in an sassauta mata da wuri ta fi farfaɗowa. Kumburi a ƙarƙashin harshe, ko wahalar haɗiya ko numfashi, wannan na sashen gaggawa ne nan take, ko ƙarfe biyun dare ne.

Watannin jira

Bayan mako biyu za ka ji garau, kuma nan ne mutane ke ɓata aikinsu. Dasashi ya warke a ido, amma ƙashi bai gama ba. Ƙusar da ake motsawa kafin ta kama, tsoka ce ke zagaye ta maimakon ƙashi, sai ta yi girgiɗi a cire. Sauri ya haifi nawa. In an ba ka haƙorin wucin gadi, na fita kunya ne, ba na gatsa ba, kuma in na roba ne likita zai rage cikinsa don kada ya danne wurin. Akwai inda ake ɗaura haƙori a ranar da aka dasa, amma sai ƙashi mai ƙarfi, kuma shi ma ba a tauna abu mai tauri da shi. Ka je duk ranar da aka ba ka ko ba ka jin komai. In ƙusa ta ƙi kamawa ba ƙarshen zance ba ne, ana cirewa a bar wurin ya warke a sake.

Ɗaura hula

In hoto ya nuna ƙashi ya kama, za a ɗan buɗe dasashi a ɗaura wani ƙaramin murfi na mako biyu ko uku, don naman ya zagaye shi kamar wuyan riga. Sai a ɗauki awon baki, ko da wani abu mai kama da ƙullu ko da na'ura, a aika a ƙera hular.

Ka natsu wajen zaɓen launi. Kowa fari tas yake so, amma haƙori ɗaya fari ƙal a tsakanin waɗanda goro ya rina tun daga nesa yake tona kansa. Haka mutanen wajen Kaltungo da ruwan yankinsu mai yawan sinadarin fuloraid ya sa wa haƙora ratsin ja. Hula ba ta canza launi bayan an ƙera ta, don haka in za a wanke ko a haskaka sauran, a yi kafin a zaɓa. Duba a hasken rana da madubi kafin a ɗaure. Mai wushirya ta faɗa in tana son a bar mata abarta. Ka cije ka ji: in sabon ne ke fara taɓa na sama ko na ƙasa, a rage shi nan take. Tambayi kuma ko da sukuru za a ɗaura ko da gam. Mai sukuru ya fi sauƙin kwancewa in gyara ya taso.

Zama da shi

Dashe ba ya kogo, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna ciwo, kuma ciwon ba ya zafi sai ya yi nisa. Alamarsa ta farko jini ne wajen gogewa. Buroshi da makilin safe da dare, zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora kullum, asuwaki kuma a tausasa bakinsa. Gawayi da toka suna karce hula, tsinken ashana da allura suna raunata dasashi. A je dubiya da wanki duk wata shida.

Haƙorin Allah yana da wata 'yar tsoka tsakaninsa da ƙashi, mai gaya maka ka cije dutse a shinkafa kafin ka ƙarasa. Dashe ba shi da ita, don haka ba ka jin ƙarfin da kake sa masa. Tsire da kilishi sun dawo, goro ma a fasa shi ƙanana a kai gefe, amma buɗe kwalba, fasa ƙashi da ɓare rake da haƙoran gaba sun ƙare. Mai cizon haƙora cikin barci a yi masa robar kariya. Hula kan gaji bayan shekara 10 zuwa 15 a sake ta, ƙusar na nan.

In wata rana ka ji haƙorin na motsi, daina tauna da shi ka je a duba cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa sukurun wuya ne ya kwance, aikin 'yan mintoci ga likitan da ya san irin ƙusar. Na yayana ya taɓa yin haka ana saura kwana uku Babbar Salla, likitansa kuma ya yi tafiya. Takardar nan mai sunan kamfani, wadda ya ajiye tare da takardun fili, ita muka ɗauki hotonta a waya muka tura wa wani likitan, ya ce yana da sukundireban, mu zo da safe.